Buhu nawa na siminti ajinmu zai ci?

Duk malamin lissafi a kolej ya san lokacin da yara suke fara sakin hannu. A 6e, wato ajin farko bayan firamare (a nan lambar aji raguwa take yi: 6e, 5e, 4e, 3e), suna zuwa da sauran zumuɗin firamare, kowa na ɗaga yatsa yana "ni, Malam, ni". A 5e idanu suke fara mutuwa. Kafin a kai tsakiyar 4e, inda haruffa suka shigo suka zauna cikin lambobi, rabin aji sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa su ba kan lissafi gare su ba. Kuma a tsarinmu na nan Kamaru sau 4 ake ninka makin lissafi, don haka yaron da ya saki lissafi ya jawo wa duka sakamakonsa rauni.

A Garwa nake koyarwa, a unguwar Hausari nake zaune, saboda haka yaran da nake gani da safe a kan benci su nake gani da yamma a bakin kasuwa. Akwai wanda ba ya wuce 5 cikin 20 a hannuna, amma idan baƙo daga Yola ko Mubi ya tsaya a rumfar babansa da naira, kafin mutumin ya gama laluben wayarsa yaron ya faɗa masa nawa ne a sefa, ya cire ribarsu a ciki. Ba a kanmu aka fara ganin wannan ba. A 1985 wasu masu bincike a birnin Recife na ƙasar Barazil sun bi yara biyar masu talla, suka yi ciniki da su a kan titi, daga baya suka ba su lissafin nan dai a rubuce. A wurin talla sun ci kusan 98 cikin 100. Da aka tuɓe lissafin daga ciniki aka bar lambobi zalla, sai suka sauko wajen 37. Yara biyar ba su da yawa, amma duk wanda ya taɓa koyarwa a garin kasuwa zai ce ya san su.

Hukuma ma ta san da matsalar. Tun wajen 2014 ma'aikatar ilimin sakandare ta kawo manhajar da muke kira APC, wadda ta ce a shiga kowane darasi ta ƙofar rayuwar yau da kullum. A jarrabawar BEPC, wadda ake yi a ƙarshen 3e, an raba takardar lissafi gida biyu: maki 10 na tambayoyin da aka saba, maki 10 na wani labari da ake ba yaro ya warware ayyuka uku a cikinsa. Niyyar mai kyau ce. Sai dai labaran da muke rubutawa, mu malamai, yawancinsu rayuwa ce ta takarda. Wani bawan Allah yana da gona mai siffar alwatika, yana so ya kewaye ta da waya layi uku, ya bar ƙofa mai mita 2. Yaro ya san babu wannan mutumin, babu gonar, kuma ko amsa ta fito daidai ko ta karkace babu akuyar da za ta shiga ta ci masara. Ga shi kuma labarin ya zo cikin dogon Faransanci, yaron da a gida Hausa ko Fulatanci yake yi ya ƙare ƙarfinsa wajen karatu tun bai kai ga lissafin ba.

Abin da muke kira furoje a ɗakin malamai daban yake. Aiki ne na gaske da ake ɗaukar makonni ana yi, wanda a ƙarshensa akwai wani mutum a waje da yake jiran amsar. Ba sabon tunani ba ne. Tun 1918 wani Ba'amurke, William Kilpatrick, almajirin John Dewey, ya yi rubutu a kansa. Ni dai abin da ya ja ni gare shi daɓen ajinmu ne.

Daɓen ajin 5e ya farfashe, ramuka ko'ina, benci ba ya tsayawa daidai, idan hunturu ya shigo ƙurar waje ta haɗu da ta ciki. Ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, ta ce za ta duba idan aka kawo mata ƙiyasin kuɗi. Na roƙi shugaban makaranta ya bar wa yaran ajin su yi ƙiyasin da kansu, ya ce in dai ba zai ci masa lokacin manhaja ba. Na rarraba su rukuni-rukuni. Ajin ya haura mutum 80, don haka kowane rukuni ya kai goma, wanda ya yi yawa, amma haka ɗakin ya ba da.

Awo muka fara. Tef ɗin awo ɗaya muka samu aro, saura suka yi amfani da igiya da babbar rular allo mai mita ɗaya. Nan take rigima ta tashi, domin wani rukuni ya samu tsawo mita 9 cif, wani ya samu ƙasa da haka da 'yan santimita, wani kuma ya haura. Ban raba gardamar ba. Su da kansu suka gano cewa masu igiya suna ja tana miƙewa, masu rula kuma suna barin ɗan yatsa tsakanin awo da awo. Aka tsaya a kan 9 da 7, wato murabba'in mita 63. Wannan kowa ya iya tun firamare.

Kauri ne ya kawo cikas. Magini da muka gayyato, wani dattijo mahaifin ɗaya daga cikin yaran, ya ce santimita 5 ya isa tunda akwai tsohon daɓe a ƙasa. Ya kuma ce idan ana son kankare mai ƙarfi, buhu 7 ake zuba wa kowace mita kubik, wato kilo 350, tunda buhu kilo 50 ne. Rukunai da yawa suka ninka 63 da 5 suka samu 315, suka ninka da 7, suka rubuta buhu 2205 a takarda, har da ja masa layi biyu a ƙasa. Da a jarrabawa ne da haka za su miƙo mini, ni kuma in ja jan biro in wuce. Amma a rukuni ɗaya akwai yaron da babansa ke sayar da siminti, wanda tun yana ƙarami yake ganin ana sauke lodi daga masana'antar Figil da ke kan hanyar Marwa. Yaron nan bai taɓa buɗe baki a ajina ba sai ranar. Ya fashe da dariya ya ce, "Malam, wannan ai lodin tireloli ne. Ko ɗakin aka cika da buhunan har rufi sai dai a taka a kai." Ajin ya kaure. Aka koma aka duba, wata yarinya ta ce ai mita aka ninka da santimita. Da aka mayar da santimita 5 ɗin zuwa mita ya zama 0,05 (waƙafi muke sawa inda wasu ke sa ɗigo), sai aka samu mita kubik 3,15, buhu 22,05.

Na sha koyar da sauya ma'auni da jadawalin nan na km, hm, dam, m, yara su haddace su zubar. Ranar ce na ga sun ji tsoron kuskuren, domin sun hango shi da girmansa.

Sai kuma 22,05 ɗin. A darasi mun ce idan abin da ke bayan waƙafi bai kai rabi ba a sauko ƙasa, saboda haka wasu suka rubuta 22. Wasu suka ce 23, tunda ba a sayar da ɓarin buhu kuma idan siminti ya yanke ana tsakiyar aiki kusurwa ɗaya za ta zauna a buɗe. Aka koma wa magini. Ya ce, "Ku sa 24, 'ya'yana. Ƙasa ba ta taɓa kwanciya daidai, wani wurin zai sha fiye da biyar." Sannan ya ƙara da cewa ɗakin karatu ba garejin mota ba ne, buhu 6 a mita kubik ma ya wadatar. Aka sake lissafi: 18,9, wato buhu 19. Yanzu ga ƙiyasi biyu a hannu, mai tsada da mai sauƙi, kuma dole a zaɓi wanda za a kai gaban iyaye a kare shi. Wannan muhawarar ta fi kowane darasi da na yi a zangon armashi, kuma babu wanda ya tambaye ni ko za ta fito a jarrabawa.

Yashi da tsakuwa magini da baro yake auna su: buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, biyu na tsakuwa. Yara suka so su san baro lita nawa ne. Aka kawo jarka mai lita 20 aka riƙa juyewa, uku suka kusa cika shi, duk da baron yana yoyo ta gindi sai da wani ya toshe da leda. Lita 60 ke nan. Daga nan maganar cewa mita kubik ɗaya lita 1000 ce ta samu wurin zama, suka fitar da baro 22 na yashi da 44 na tsakuwa a ƙiyasi mai ƙarfin. Farashi kuwa kowane rukuni ya tambayo shaguna daban-daban, suka tarar ba ɗaya ba ne, kuma shagon da ya fi araha ya fi nisa, sai an biya mai amalanke. Wani rukuni ya manta da ladan magini gaba ɗaya, dattijon ya ce to shi sadaka zai yi musu ke nan?

Ranar taron iyaye yara uku suka tsaya gaban allo, biyu mata. Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji ɗan kasuwa da ba ya sakin sisi sai ya ga dalili, ya tsare su da tambayoyi cikin Fulatanci, suka amsa masa da Fulatanci, suka juya ga shugaban makaranta da Faransanci. Ya ce, "'Yata, in na ba ku kuɗin 19 ya kasa fa?" Yarinyar ta ce, "Baba Alhaji, shi ya sa muka rubuta 21, biyu na ko-ta-kwana ne." Aka amince da mai sauƙin.

Na yi ta tunanin abin da ya tayar da su. Ba wasa ba ne, domin awon ɗaki cikin ƙura ba daɗi gare shi ba. Abu na farko, akwai mai jiran amsar, kuma mutum ne da suke jin nauyinsa. Na biyu, abin da yaro ya sani daga gida ya zama abin da ake nema a aji. Ɗan mai siminti da 'yar magini sun zama manya a ranar, alhali a jerin maki suna can ƙasa. Akwai kuma harshe. Ajina akwai Hausawa, Fulani, Fali, Gidar, Mundang, Tupuri da 'ya'yan ma'aikata daga kudu. A cikin rukuni da Fulatanci ake faɗa, wani lokaci da Hausa, sai an daidaita a rubuta da Faransanci. Ina jin su ina kau da kai, domin yaron da ya fahimci abu da harshen da yake mafarki da shi, sanya masa rigar Faransanci daga baya ba wuya. Masana halayyar ɗan Adam Edward Deci da Richard Ryan sun ce himma tana tsirowa ne inda mutum yake da zaɓi, yake jin ya iya, kuma yake jin yana cikin mutane. Na ga ukun a wannan aikin, amma a wurinmu na ukun ya fi ƙarfi: kada a ji kunya gaban iyaye.

To amma himma daban, iyawa daban, kuma a nan nake rabuwa da masu yabon furoje ba ƙaƙƙautawa. Bayan an gama na ba su ƙaramin gwaji: tankin ruwa mai tsawo kaza, faɗi kaza, zurfi a santimita, lita nawa zai ci? Lissafin daɓe ne sak, an sauya masa kaya. Da yawa suka sake ninka mita da santimita. Sun tuna ranar dariya, sun tuna tireloli, amma ƙa'idar ba ta bi su zuwa tanki ba. A rukunin mutum goma, uku ne suke riƙe biro. Saura sun riƙe igiya, sun je shago, sun ji daɗi, ba su ninka komai ba. Kuma waɗanda suka fi rauni su suka fi iya ɓuya a bayan masu ƙoƙari. A 2006 Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun yi wani rubutu da ya tayar da ƙura, inda suka ce mai koyo sabon shiga yana buƙatar a nuna masa hanya filla-filla, idan aka sake shi ya lalubo da kansa kansa cika yake yi da hayaniyar aikin, ainihin darasin ya wuce shi. Duk wanda ya tsaya gaban yara 80 zai gane maganarsu.

Saboda haka furoje a wurina miya ce, allo da alli su ne tuwon. Bayan kowane mataki sai mun dawo mun zauna, na rubuta ƙa'idar a allo da harshen littafi, mun yi misali tare, sannan kowa ya yi atisaye shi kaɗai a kan abubuwan da ba su da alaƙa da siminti: tanki, ramin masai, akwatin sabulu, rumbun hatsi. Bambancin shi ne yanzu idan na ce a mayar da komai ma'auni ɗaya kafin a ninka, akwai abin da maganar take kamawa a kansu. Maki kuma kashi biyu nake yi, kaɗan na rukuni, mafi yawa na takardar da kowa zai rubuta da hannunsa yana bayanin yadda aka samu adadin. Ranar gabatarwa ni nake nuna wanda zai yi magana, ba rukuni ba. Tun da suka gane haka masu ƙoƙarin suka fara tsare raunanan suna koya musu, don kada a kunyata su tare.

Ba kowane babi ne yake karɓar wannan salon ba. Warware baka da tattara haruffa a 4e, ban ga aikin unguwa da zai koyar da su ba, kuma ba na ƙaƙalo shi. Wasu kuwa da kansu suke zuwa. Ƙa'idar Talis a 3e, ta alwatika masu kama da juna, da sanda da inuwa ake auna tsawon darbejiyar tsakar makaranta, awa ɗaya ta isa. Sai dai a fita da hantsi, domin Garwa tana wajen digiri 9 ne arewa da tsakiyar duniya, kuma a tsakiyar Afrilu rana tana tsayawa a kan kai da azahar, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Ga zafin da ke haura digiri 40, babu uban da zai yafe maka idan ɗansa ya faɗi. Turmin atamfa yadi 6 ne, yadi kuma santimita 91 da 'yan kai, don haka tela da yadi yake magana, littafi da mita. 'Yan matan aji sukan karɓe ragamar wannan tun kafin in gama tambaya.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne rabon gado. Yaran da ke zuwa makarantar allo ko Islamiyya sun san rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi tun kafin su ji sunansu da Faransanci. A ce mutum ya rasu ya bar mata, da uwa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, dukiya kuma sefa 1,200,000 bayan an biya bashi. Mata sumuni, 150,000. Uwa sudusi, 200,000. Saura 850,000 a kasa biyar, mace ta ɗauki 170,000, kowane namiji 340,000. Don a haɗa sumuni da sudusi sai an nemo 24, kuma wannan shi ne daidaita ƙasan ɓangarori da muke wahala da shi a 5e. Nakan gaya musu cewa littafin da aljabra ta samo sunanta daga gare shi, wanda Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban kaso nasa a kan gado da wasiyya yake. Makarantarmu ta gwamnati ce, akwai Kiristoci da yawa a aji, don haka zaɓi nake bayarwa: mai so ya ɗauki gado, mai so ya ɗauki rabon kuɗin auduga tsakanin manoman ƙungiya ɗaya gwargwadon kilon kowa, ko lissafin adashe. Kuma nakan ja kunne cewa mu lissafi muke yi, fatawa tana wurin malamanta.

Akwai wahalhalun da ba na lissafi ba. Wasu iyaye ba sa son 'yarsu ta je shagon siminti tambayar farashi, kuma suna da gaskiyarsu; sai na tsara aikin waje ya zama na masu rumfa a gidansu, ko a tafi da wa. Wani uba ya tare ni bayan sallar la'asar ya ce, "Malam, ni boko na kai shi, ba birkila ba." Na nuna masa littafin yaron, ya ga shafukan lissafin da aikin ya haifar, ya yi shiru, amma ban ce ya gamsu ba. Sannan ga mai duba aikin malamai da ke zuwa da takardarsa yana tambayar kashi nawa cikin ɗari na manhaja aka rufe. Furoje yana cin sa'o'i, kuma sa'o'in lissafi huɗu ne a mako.

Don haka na tsaya a kan babba ɗaya a shekara ga kowane aji, a zango na farko ko farkon na biyu, kafin zafi ya sauko, sai ƙanana na awa ɗaya ko biyu idan babi ya ba da dama. 'Yan 3e kuwa daga hutun Ista ba na fitar da su ko'ina, tsofaffin takardun BEPC muke bi ɗaya bayan ɗaya. Wani abokin aikina da ya fito daga makarantar horon malamai ta Marwa yana ganin na cika tsoro, shi da zai samu da rabin shekara zai yi a waje. Wata malama kuma da ta girme mu duka tana ganin duk ɓata lokaci ne, a ba yaro atisaye ɗari ya yi, himma za ta zo idan ya fara ganin maki. Na lura dai ajinta ba ya faɗuwa a jarrabawa, kuma ba na raina wannan.

Bana 'yan 4e ne suka kawo nasu da kansu. Suna so su ƙirga jarka nawa ta ruwa gidajensu ke saye a mako daga Maris zuwa Mayu, su kwatanta unguwa da unguwa, tunda babin ƙididdiga yana cikin manhajarsu. Na ce su fara kawo mini tambayoyin da za su yi wa iyayensu mata a rubuce, kuma su yanke shawara tun yanzu yadda za su yi da gidan da ke da rijiya.